Muryar da Ke Kunnen Dessa

Tun ranar Laraba Lonnie Gaither ya rantse ƙafarsa ba za ta taka filin tsere ba. Ya maimaita a shagon aski ranar Alhamis, ranar Juma'a kuma ya sake faɗa wa matarsa Twyla, har da bugun tebur. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana jin irin wannan rantsuwa. Ta dafa gyaɗarta da gishiri, ta cika gora biyu da shayi mai ƙanƙara, ta goge masa riga. Ranar Asabar da hantsi sai ga shi ya riga ta shiga mota, yana ta danna mata oda.

"Au, ashe za ka?" in ji ta, tana ajiye kwando a baya.

"Kai ki zan yi. Ke ba ki iya tuƙi a cunkoso ba."

"To, sannu da taimako."

Mutanen wannan yanki na Alabama ba sa kiran filin da sunansa na takarda, Kwano suke ce masa. Zagayensa mil biyu da rabi ne da ɗoriya, kowace kwana a jingine take kamar bangon tasa, mutum ba ya hawanta sai da rarrafe. Lonnie ya san kowane faci na kwaltar nan, don ya yi tsere a kanta sau goma sha tara lokacin ƙuruciyarsa. Da ya bar tuƙi kuma, ya koma hawa rufin rumfar 'yan kallo, madubin hange a wuya, rediyo a kunne, yana yi wa 'yarsa Dessa jagora. Direban irin waɗannan motoci a ɗaure yake tamau, ko wuyansa ba ya iya juyawa, ga motoci arba'in sun matse shi gaba da baya da gefe, ana sheƙa gudun mil ɗari da casa'in. Abin da mai hange ya faɗa masa daga kan rufi shi ne idonsa. Shekara goma sha huɗu Lonnie ne idon Dessa, tun tana tuƙa 'yar motar da ya ƙera mata da injin yankan ciyawa.

Bara, a nan Kwano, abin ya ƙare. Saura zagaye huɗu, Dessa tana ta biyu, motoci sun jeru uku-uku a kafaɗar juna, Lonnie ya ga wata mota ta ɗan yi rawa a gabanta. Bai san sanda ya ƙwalla ihu ba: "Ɗaga ƙafa! Ɗaga ƙafa, 'yata!" Ta ɗaga. Babu abin da ya faru da motar nan, ta miƙe abinta. A Kwano kuwa wanda ya ɗaga ƙafa na ƙiftawar ido, ayari ya wuce shi. Dessa ta gama ta goma sha tara.

Bayan mako guda ta same shi a garejinsa, yana kwance ƙarƙashin motar wani manomi.

"Baba, fito mu yi magana."

"Ina jin ki daga nan."

Ta tsuguna. "In ka yi magana a rediyo, ba hanya nake gani ba, tsoronka nake ji. Ba laifinka ba ne, kai ubana ne. Amma ba zan iya tuƙi da tsoron mutum biyu ba."

Ya daɗe yana kallon cikin motar manomin. Sannan ya ce, "Wa za ki ɗauka?"

"Mista Hoyt."

Da ta ce ta ɗauko wani yaro daga jami'a, ko baƙo daga arewa, da Lonnie ya haɗiye. Amma Hoyt Ledbetter! Shekara ashirin da shida da suka wuce, a zagayen ƙarshe na babban tseren bazara, Lonnie ne a gaba, Hoyt na manne a bayansa yana tura shi kamar aboki. Dab da layi Hoyt ya zame gefe, ya wuce shi da abin da bai fi tsawon hannu ba. Lonnie bai sake kusantar kofi irin wannan ba har ya ji ciwo a baya ya daina. Hoton ranar nan har yau yana rataye a duk gidan cin abincin garin: Hoyt da motarsa ja a kan layi, a gefen hoton kuma hancin wata shuɗiyar mota ya ɗan leƙo. Lonnie ya yi shekaru yana cin ƙwai da safe a ƙarƙashin hancin motarsa.

Wannan karon Dessa ta aiko musu da katin shiga wurin ma'aikatanta, ɗaya nasa ɗaya na uwarta. Lonnie ya sa nasa a ambulan ya mayar mata. Ya yanki tikiti kamar kowane ɗan kallo, suka hau can sama kusa da kwana ta huɗu, inda in ya waiwaya zai hango masu hange a jere kan rufi. Bai so waiwayawa ba, amma ya waiwaya. Ga Hoyt can, na shida daga hagu, da tumbinsa da farar hularsa, a daidai inda Lonnie ya saba tsayawa.

"Ko wurin tsayuwa bai iya neman nasa ba," in ji Lonnie.

"Ci gyaɗa," in ji Twyla.

Kusa da su wani ƙato ne ba riga, ya rubuta lamba arba'in da bakwai da jan fenti a tumbinsa, lambar motar Dessa. Ya miƙo hannu ya ce sunansa Clovis, daga Mississippi ya taso tun asuba.

"Ku ma 'yan arba'in da bakwai ne? Madalla! Yarinyar nan, ina gaya muku, bana ta zama wata aba daban. Tun da tsoho Hoyt ya karɓe ta."

"Da ma ta iya tuƙi," in ji Lonnie.

"Ta iya, amma ai bara wani ne a kan rufinta, duk ya cika mata kunne da ihu. An ce ma ubanta ne. Ni dai na ce, uba ya zauna a gida ya yi ta gashin nama. Hoyt kuwa ai shi ya san Kwano. Ka taɓa ganin hoton nan nasa?"

"Na taɓa gani."

Twyla ta miƙa wa Clovis gyaɗa cike da hannu, ko bakinsa zai samu aikin yi.

Fasto ya yi addu'a ta lasifika, aka rera taken ƙasa, aka ce direbobi su tayar da inji. Ƙarar ta taso ta ƙarƙashin benci ta shiga haƙarƙarin kowa. Lonnie ya ciro 'yar rediyonsa daga aljihu, irin wadda 'yan kallo ke sauraron hirar direbobi da ita. Bai ko duba lamba ba, yatsansa ya san tashar. Ya sa abin ji a kunne.

"Kina ji na, yarinya?" Muryar Hoyt ce, a sanyaye, kamar mai tambayar a miƙo masa gishiri.

"Ina jin ka, Mista Hoyt."

"To, mu je yawo."

Aka kaɗa koriyar tuta. Motoci arba'in suka dunƙule wuri guda, hanci a bayan wutsiya, suka wuce gabansu da iska mai warin taya da mai. Dessa ta tashi a ta goma sha ɗaya. Hoyt na magana jefi-jefi. "Ƙasanki babu kowa. Har yanzu babu. Mai lamba goma sha biyu yana tahowa ta sama, zai tura ki, bar shi ya tura." Sai ya yi shiru har rabin zagaye.

"Ji shi," in ji Lonnie. "Barci yake yi? Ga lamba takwas nan yana neman shiga ƙasanta, bai gaya mata ba."

"Lamba takwas a ƙasanki," in ji Hoyt a kunnensa.

"Sai yanzu! Da ni ne, tun daga kwana ta biyu na faɗa."

Twyla ba ta ji shi ba saboda ƙara, ko kuma ta yi kamar ba ta ji ba. Haka ya yi ta yi zagaye bayan zagaye, leɓɓansa na motsi, yana faɗa wa Dessa abin da ba za ta ji ba, yana lissafa wa Hoyt kurakuransa. Abin haushin shi ne kurakuran ba su da yawa. Dessa ta hau ta tara, ta hau ta bakwai.

A zagaye na arba'in tayar wani ta fashe, aka ɗaga tutar rawaya, motoci suka rage gudu suka bi juna a layi. Hoyt ya ce, "Yarinya, daga nan ina hango wani a tsakiyar fili yana gasa kaji. In kin zo kwana ta uku, tsaya ki karɓo min cinya."

Dessa ta ƙyalƙyale da dariya. "Likita ya hana ka, Mista Hoyt."

"Likitan ba ya kan wannan tashar."

Ta sake yin dariya, irin wadda take yi tun tana ƙarama, mai ƙarewa da ɗan shaƙuwa. Lonnie ya laluba shekara goma sha huɗu kaf, yana neman rana ɗaya da ta yi masa dariya a rediyo. Bai samu ba. Shi abin da ya sani, "To, Baba." "Na ji, Baba." Wani lokaci ma, "Baba, ka daina ihu."

"Wasa ya kawo shi," ya ce da Twyla. "Rayuwar yarinya a hannunsa, yana zancen kaji."

"Ta yi dariya?"

"Ta yi."

"To ai shi ke nan."

Rana ta karkata, inuwar rumfa ta rufe rabin titi. An shiga canjin taya sau biyu, ma'aikatan Dessa ba su yi nawa ba. Clovis ya shanye giyarsa ya fara waƙa. Saura zagaye goma sha biyu, Dessa tana ta tara a layin tsakiya, kowa ya fara matsa wa kowa, ayarin ya tsuke har ba a ganin kwalta tsakanin motoci. Lonnie ya miƙe tsaye. Ya san wannan tsukewar, ba ta ƙarewa lafiya.

A bakin kwana ta uku na biyu ya taɓa na farko a gefen wutsiya. Motar ta juya ta ba ayari gefenta. Nan take hayaƙi ya turnuƙe, ƙarfe na cin ƙarfe, wata mota ta tashi sama ta kifa, taya guda ta fita tana tsalle ita kaɗai. Arba'in da bakwai ta nufi tsakiyar hayaƙin.

"Ƙasa!" Lonnie ya ƙwalla da duk ƙarfinsa. "Ƙasa, Dessa! Yi ƙasa!"

"Sama," in ji Hoyt. "Sama, jikin bango. Taka. Kada ki ɗaga. Taka, taka, taka."

Hayaƙi ya haɗiye ta. Twyla ta damƙe hannun Lonnie har farcenta ya shige shi. Sai ga hancin motar ya ɓullo ta ɗaya gefen, tana gogar bango, tartsatsi na tashi, lafiya lau.

"Kin fita," in ji Hoyt. "Babu kowa. Numfasa."

Aka ji numfashinta a rediyo, sama-sama. Can ta ce, "Wayyo Allah. Na gode, Baba Hoyt. Na gode."

Lonnie ya zauna. Mutane dubu tamanin na ihu, Clovis na rungumar wanda bai sani ba, shi kuwa kalma biyu kawai ke yawo a kansa. Da safe Mista ne. Yanzu ya zama Baba. Zagaye casa'in da takwas kawai abin ya ɗauka.

Aka tsayar da tsere don a kwashe tarkace. Direbobin da suka yi karo duk suka fito da ƙafafunsu, har wanda motarsa ta kifa, jama'a suka tafa musu. Ƙaton allon da ke tsakiyar fili ya shiga maimaita hatsarin a hankali. Lonnie bai kalli Dessa ba, ƙasan titi ya zuba wa ido, inda ya so tura ta. Da farko wurin a buɗe yake, fili fetal. Sai wata baƙar mota ta gangaro daga sama da baya-baya, ta tsaya a gicciye daidai nan. Aka maimaita sau uku, sau uku baƙar motar tana gangarowa. Ya ɗauki gorar shayi ya kafa kai, shayin na zuba a rigar da aka goge masa.

Motoci ashirin da biyu suka rage. Da aka sake sakin su saura zagaye biyar, Dessa na ta huɗu. Ta wuce ɗaya a miƙaƙƙen titin baya. Wani ya fita layi bai samu mai tura shi ba, iska ta mayar da shi baya, ta zama ta biyu. Na gabanta wani ɗan Georgia ne mai lamba ashirin da shida, shekararsa goma sha ɗaya yana tsere bai taɓa ci ba. Dessa ta manna hancin motarta a wutsiyarsa, su biyu suka tsere wa sauran.

"Tura shi," in ji Hoyt. "Tura shi kamar kina son sa. Kada ki fita."

Aka kaɗa farar tuta, saura zagaye ɗaya.

"Zauna nan. Bar shi ya yarda da ke."

Lonnie ya san wannan karatun, a kansa aka fara yin sa. Ya dubi motar ɗan Georgia, ya san abin da mutumin ke ji a yanzu: ga layi na matsowa, ga na baya yana tura shi tsakani da Allah, har ya fara tunanin abin da zai faɗa wa matarsa. Kwana ta ɗaya, ta biyu. Titin baya. A nan ne wani abu ya ɗago kai daga can ƙasan zuciyar Lonnie, ya ce masa a fili: ta zo ta biyu ma ai ya isa. Ta ci wani makon, a wani filin. Kada dai ta ci yau, a nan, da wannan dabarar, da muryar wannan mutumin.

Bai daɗe ba, bai fi bugun zuciya uku ba. Amma ya ji shi sarai, kuma ya san nasa ne.

"Jira," in ji Hoyt. Suka fito daga kwana ta huɗu, a gaban idon Lonnie. "Jira. Jira. Yanzu! Sama!"

Arba'in da bakwai ta zame gefe kamar an ja ta da igiya. Suka jera ƙofa da ƙofa, suna gogar juna, har layi. Ba wanda ya san wa ya ci sai da allo ya nuna lambar.

Rumfa ta girgiza. Twyla na kuka tana tsalle, Clovis ya ɗaga Lonnie sama cak kamar buhun masara yana ihu, "Hoyt! Hoyt ya sake yi!" A rediyo Dessa na ta kururuwa ba kalma ko ɗaya. Lonnie ya tarar shi ma kuka yake yi, hawaye har cikin baki. Murna ce, babu shakka murna ce, 'yarsa ta ci Kwano. Amma murnar ta zo ta tarar da wancan abu zaune, ba ta kore shi ba.

Suka gangara da ƙyar cikin turmutsitsi zuwa ƙofar da ake shiga wurin ba da kofi. Twyla ta ciro katinta daga jaka ta rataya, mai gadi ya matsa mata. Ya tare Lonnie da hannu.

"Katinka, yallaɓai?"

"Ni ne uban yarinyar."

"Yallaɓai, kai ne na huɗu da ya gaya min haka cikin minti goma."

"Mijina ne," in ji Twyla daga ciki. "Da gaske ubanta ne. Taurin kai ne ya hana shi kati."

"Na yarda, uwargida, amma ba kati ba shiga."

Jama'a suka tura Twyla gaba, ta ɓace. Lonnie ya tsaya jikin waya, yana hango takardu masu ƙyalli na tashi sama can ciki. Sai ya ji ƙaramar oda a bayansa. Irin 'yar motar nan ce mara ƙofa da ma'aikata ke zirga-zirga da ita, Hoyt ne a kai, fuskarsa ja wur, rigarsa sharkaf da gumi.

"Lonnie Gaither! Me kake yi a waje kamar mai sayar da hula?" Ya dubi mai gadi. "Bar shi, ɗana. Tare muke."

Mai gadi ya washe baki. "To, Mista Hoyt! Barka, Mista Hoyt!" Ya buɗe ƙofa har da sara masa.

Lonnie ya so ya ce ya fasa. Amma Dessa na ciki. Ya hau ya zauna a gefen Hoyt, ya ɗora hannuwa a gwiwa, yana kallon gaba.

"Yarinyarka ta tuƙa mota yau," in ji Hoyt.

"Ta tuƙa."

"Dubi hannuna." Ya saki sitiyari ya nuna masa, yana karkarwa. "Na tsufa da wannan aikin. Kai, lokacin hatsarin nan, da kai ne a sama, ina za ka tura ta?"

Lonnie ya ce, "Sama mana. Ina kuma?"

"Ka ga, kai ka gani ke nan. Ni na rantse ban ga komai ba. Hayaƙi ya rufe min ita ɗungurungum. Bakina ne kawai ya ce sama, ni ma sai ji na yi." Ya yi dariya yana girgiza kai. "Kada ka gaya mata."

Lonnie ya juyo ya dube shi sosai, karo na farko a ranar. Shi ya gani da idonsa, ya auna, ya zaɓi inda yake a buɗe, kuma da an bi tasa da yanzu suna asibiti. Wannan kuwa ya rufe ido ya jefa, ta faɗa masa daidai. Haka yake tun suna samari. Da ma a ce gwaninta ce, da mutum ya san abin da aka fi shi da shi.

"Ba zan gaya mata ba," ya ce.

Dessa na tsaye kan rufin motarta, gashinta ya manne da gumi, kofin ya kusa kai rabin tsayinta. Da ta hango su ta miƙa wa wani kofin, ta diro, ta keto cikin 'yan jarida da gudu. Lonnie ya sauka ta dama, Hoyt ya sauka ta hagu, kuma duk da kunyar abin da ya ji a zagayen ƙarshe, Lonnie ya kama kansa yana jiran ya ga wa za ta fara nufa. Ba ta zaɓa ba. Ta jawo wuyansu su biyu ta haɗa, har kansa ya ƙwanƙwashi na Hoyt. Tana warin mai da roba.

"Baba, ka zo! Mama ta ce ka zo! Ka gani? Ka ga yadda na yi masa?"

"Na gani, 'yata. Na gani da kyau."

"Baba Hoyt ne ya koya min. Mun yi wata guda muna kallon tsohon faifan nan nasa."

"Na san faifan," in ji Lonnie.

Ta ɗan tsaya, ta dube shi, sai a lokacin ta tuna motar wa ke gaba a faifan. Ta buɗe baki, masu ɗaukar hoto suka ja ta. Aka jera kowa a gaban mota. Wani mai kyamara ya yi ta yi wa Lonnie alama da hannu. "Kai mai rigar da ta jiƙe, ɗan matsa, kana tare Mista Hoyt." Dessa ta riƙe hannun ubanta gam ta hana shi motsi. Aka ɗauka a haka.

Rana na dab da faɗuwa suka kama hanyar gida, motoci na tafiya kamar ana jan su. Twyla na ɓare ragowar gyaɗa.

"Na ji ka ce ƙasa," in ji ta.

"Ƙara ta yi yawa. Ba ki ji daidai ba."

"Har Clovis ya ji."

Suka wuce wata coci, suka wuce gonar auduga. Can Lonnie ya ce, "Twyla, akwai abin da ya zo min a rai a zagayen ƙarshe."

"Kada ka faɗa min. Ina kallon fuskarka lokacin. Gobe Lahadi, ka faɗa wa Ubangiji, shi ya saba jin irinsa." Ta zuba masa gyaɗa a tafin hannu. "Ta ci dai. Kuma kai ka fi kowa kuka a rumfar nan."

Ranar Litinin da safe Dessa ta zo gida da kofin a kujerar gaba, ta ɗaura masa bel kamar mutum. Ta shigo da shi ta dire a kan teburin cin abinci, ta ce nan zai zauna, ɗakinta ba wuri. Lonnie ya zagaya shi sau biyu, ya shafa, ya karanta rubutun jikinsa. Ya ce shi zai soya mata ƙwai da kansa, Twyla ta zauna.

"Baba, mako mai zuwa a Tennessee muke. Zan sake aiko da kati. In ka mayar min, zan zo in ɗaure ka a mota kamar kofin nan."

"In je in yi me? Kuna da mai hange."

"Ka zauna a wurin canjin taya, in na fito in gan ka."

"Zama kawai?"

"Zama kawai. Kana iya kawo gyaɗa."

Ya fasa ƙwai a kasko. "Zan duba in ba aiki a gareji."

Twyla da Dessa suka dubi juna. Sai wayar Dessa ta yi ƙara a kan tebur. Ta duba, fuskarta ta washe. "Baba Hoyt ne. Ina zuwa." Ta fita baranda ta jawo ƙofa. Jim kaɗan dariyarta ta shigo ta bango.

Lonnie ya tsaya da cokali a hannu. Me kuma zai gaya mata da sassafe, ranar da ba tsere? Ya matsa wajen taga, ya ɗan ɗaga gilashin.

"Lonnie," in ji Twyla.

"Hayaƙi nake fitarwa."

"Ai kuwa akwai shi. Ƙwan ya ƙone."

Ya sauke kaskon, ya kankare baƙin ƙwan a kwandon shara, ya fasa wasu. Tagar dai bai rufe ba.